Makin Kurman Maharbi

"Ba zan rubuta biyar ba," na ce, na ajiye biron.

Maigida Gradimir ya ɗago daga wayarsa ya dube ni ta saman tabarau, kamar kujerar shagon ce ta yi magana.

"Ba shawara na nema ba, Isidora. Cewa na yi ki rubuta biyar a takardar nan ki sa hannu. Mai saye yana hanya."

"Uku ne. In na yi masa kara, uku da ɗoriya." Na juya littafin na nuna masa gadon bayansa. "An bi nan da alƙalamin maka mai baƙar tawada an rufe inda ya goge. Buɗe bangon ka ga yadda tawadar ta ratso ciki. Kai, ko hanci ma ya isa. Shinshina ka ji."

"Hancina ba shi ke biyan hayar shago ba."

A sana'armu ta tsofaffin littattafan labarin zane, maki ake ba littafi kamar ɗan makaranta, daga ɗaya zuwa biyar. Biyar shi ne wanda za ka rantse yau da safe aka sauke shi a rumfar jarida, ba karaya, ba tsatsa, ba hannun da ya taɓa gyara shi. Tsakanin uku da biyar kuwa, a wasu littattafan, akwai kuɗin tsohuwar mota. Ni shekara biyar na yi a Belgrade ina koyon yadda takarda ke tsufa da yadda ake ceto ta, kuma don haka Gradimir ya ɗauke ni aiki: sa hannuna yana kwantar wa masu saye da hankali.

"Wannan digirin naki ya hau miki kai," ya ce. "To ɗauke shi ki tafi da shi gida, ki gani ko ana shafa shi a burodi."

Na tattara fitilata da gilashin dubawa da rular ƙarfe, na ce masa ya gaida mai saye. Daga nan bakin kogi na nufa, na sayi burek, gasasshiyar fulawar nan mai cuku a ciki, na zauna a kan dakali ina ci, mai yana gangaro min har gwiwar hannu. Watan Oktoba ne, ba ni da aiki, kuma ban tuna ranar da abinci ya yi min daɗi haka ba. Da na koma gida mamata ta dafe kai ta ce ni da marigayi babana jirgi ɗaya ya kwaso mu, sannan ta ƙara min miya.

Ranar Lahadi na tafi kasuwar Najlon. Masu littattafan zane suna can ƙarshen layi, tsakanin mai tsofaffin famfuna da matar da ke sayar da safa. Na bi rumfuna ina neman inda zan raɓa, kowa ya kau da kai, sai Čika Radivoj, wato Kawu Radivoj, tsohon mai raba wasiƙu, wanda ya fi kowa daɗewa a layin. Tun ban buɗe baki ba ya hau ture kwalayensa gefe.

"Na ji labari," ya ce. "Gradimir yana gaya wa kowa ke mahaukaciya ce. Da na ji haka na ce lallai yarinyar nan tana da hankali. Zauna nan, 'yata."

Kusurwar teburin da ya ba ni ba ta wuce faɗin tire biyu ba. Na rubuta a jikin kwali cewa ana duba littafi ana ba da maki, ladan kuwa kuɗin burek da yogot.

A watan Nuwamba littafi shida aka kawo min. Huɗu daga cikin masu su sun tafi suna zagina, ɗaya ma ya miƙa hannu ya ɗauke kuɗinsa daga kan teburin. Kowa a kasuwar nan ya yi imani kwalinsa cike yake da biyar-biyar, ni kuwa ina auna gefen littafi da rula in ce an datse shi, ina haska fitila in nuna inda aka goge shi da dutsen guga. Lajoš, maƙwabcin rumfarmu mai gashin baki kamar tsintsiya, shi ya raɗa min suna Malama Uku, sunan kuma ya bi ni har tashar bas.

"Malama Uku!" Haka zai ƙwala min kira da sassafe. "Gobe zan kawo miki matata ki duba min. Ni dai na ce biyar ce."

"Kawo ta, Čika Lajoš. Amma kai tun daga nan na gama duba ka. Biyu. Bango ya koɗe, tsakiya ta kumbura."

Sai layin ya ɗauka da dariya, shi ma har da buga cinya.

Abin da ya fi ba su dariya shi ne yadda nake aiki. Su masu tara littafi ba sa karantawa. Mutum zai ɗaga bango faɗin yatsa, ya leƙa da ido ɗaya, ya rufe, don buɗewa sosai tana barin layi a gadon baya. Wanda aka ce biyar ne ma ba a buɗe shi sam. Ni kuwa ina ɗora littafi a kan matashi yadda ba zai wage ba, in bi shi shafi-shafi daga farko har ƙarshe, ina karanta kowace kalma.

"Dubawa kike yi ko kuwa karatun kyauta kika samu?" in ji Lajoš. "Har ma a biya ki!"

Sai sanyi ya sauko sosai. Ba na iya sa safar hannu, don da yatsu nake jin takarda, saboda haka yatsuna suka tsattsage har suna jini, kullum da filasta a aljihuna don kada in ɓata wa wani littafi. Akwai Lahadin da na zauna daga ƙarfe shida zuwa sha biyu dusar ƙanƙara tana zuba a kan kwalina, ba wanda ya tsaya. Sauran kwanakin mako ina wani shagon kwafi ina ɗinke wa ɗalibai kundayensu. A watan Janairu Gradimir ya aiko min saƙo cewa ya yafe min, in dawo. Na amsa masa da cewa ni ma na yafe masa, ya zauna lafiya.

Abin da ya riƙe ni a wannan sanyin, bayan taurin kaina, shi ne ƙarfe goma. Da goma ta buga sai ga Teta Ljubinka, wato Gwaggo Ljubinka, matar Čika Radivoj, da faranti naɗe cikin tawul, tururi yana tashi. Gajeriya ce mai faɗa, ta yi shekara talatin tana buga keken rubutu a wani ofis, bakinta kuma da sauri yake kamar yatsunta.

"Kai tsoho, ka bar yarinya a bakin iska kai ka shige lungu? Matsa! Ke kuma ci, dubi wuyanki kamar na kaza. Wa zai auri mace mai ba mutane uku?"

"Wanda ya kai huɗu, Teta."

"To ki shirya zaman gidanku."

Abin ya fara juyawa ne ranar da wani direban bas ya janyo wani mai sayarwa da hannun riga har gaban teburina, yana cewa ba zai biya ko dinari ɗaya ba sai Malama ta gani. Na gani, na ce uku, suka daidaita nan take suka tafi shan kofi tare. Daga nan masu saye suka fara zuwa. Can kuma masu sayarwa suka lura da wani abu: littafin da ke da takardata mai uku ya fi saurin fita a kan na wani mai biyar, don ba mai tsayawa jayayya. Sai suka fara zuwa su ma, suna ƙunƙuni. A duk lokacin sanyin nan sau uku na rubuta huɗu. Biyar kuwa ko sau ɗaya.

Biyar guda ɗaya tak duk garinmu Novi Sad aka yarda da ita, ita ce ta Čika Radivoj: littafin Kurman Maharbi, lamba ta ɗaya. A shekarar 1969, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya sayi guda biyu. Ɗaya ya karanta har ya zama tsumma, ɗayan ya sa tsakanin katako biyu a ƙasan akwatin zannuwan mahaifiyarsa. Sau ɗaya a shekara yake fito da shi, ranar bikin waliyyin gidansu, baƙi su kalla daga nesa hannuwansu a baya.

A watan Fabrairu ɗansu Strahinja da ke Toronto ya samu 'ya mace. Teta Ljubinka ta bi layin kaf da wayarta tana nuna hoto, har mai famfuna sai da ya gani sau uku. Amma fanshonsu ba zai kai mutum biyu Kanada ba, ko da sun daina cin nama shekara guda. Sai Čika Radivoj ya yanke shawarar da ba wanda ya zata.

"Zan sayar da Maharbin," ya ce min. "Akwai wani likitan haƙori a Vienna, ɗan garin nan ne, Dokta Obrad. Ya yi tayi mai kyau, zai kai mu ya dawo da mu har da tsaraba. Sharaɗinsa ɗaya: an sha cutarsa, don haka sai da takardar yarinyar nan da ba ta ba da biyar." Ya daki kafaɗata. "Kin gani? Biyar ɗinki ta farko a rumfata za ta faɗo."

Ranar Lahadin farko ta Maris rana ta fito, ƙanƙara tana narkewa tana ɗiga daga rufin rumfuna. Labari ya riga ya zaga, masu rumfuna suka bar kayansu suka kewaye mu. Dokta Obrad ya zo cikin doguwar kwat, yana ɗaga ƙafa don kada taɓo ya taɓa takalminsa. Čika Radivoj ya kwance igiya, ya ɗaga katakon sama.

Na wanke hannu da ruwan fulas, na goge sosai. Na auna, tsawo da faɗi cif, ba a datse ko gashi ɗaya ba. Na shinshina, ƙamshin tsohon akwati kawai. Jan da ke bangon yana nan jawur, kusurwoyi huɗu a tsaye kamar sojoji. Ban taɓa riƙe abu mai kyau haka ba, kuma ba zan ɓoye ba, na so ya zama biyar fiye da kowa a wurin.

Da na ɗora shi a matashi na ɗaga bango, sai na ji taron ya ja numfashi. Čika Radivoj ya juya min baya.

"Ba zan iya kallo ba," ya ce. "Kamar ana yi wa ɗana allura."

Na fara karatu. A shafi na talatin Maharbin ya shigo gari, ya ɗaure dokinsa a ƙofar masauki. Na juya, sai ga shi yana ɓalle ƙarafan tagar kurkuku, ya dira, ya hau doki ya gudu. Na sake juyawa, sai ga shi zaune a masauki yana shan miya, 'yan sanda sun shigo sun kama shi. Na duba ƙananan lambobin da ke ƙasan shafi: talatin da uku, talatin da huɗu, talatin da ɗaya, talatin da biyu. Takardar tsakiya a baibai aka naɗe ta. Na ɗora gilashi a kan wayoyi biyun da suka ɗinke littafin. Suna ƙyalli, an lanƙwasa bakinsu da hannu, kuma kusa da kowane rami akwai 'yar yagewa da ba ta wuce ƙwayar gero ba.

Ba wanda ya gani, don kaina da kafaɗuna sun rufe littafin. Amma da na ɗago sai idona ya faɗa cikin na Teta Ljubinka, fuskarta ta yi fari fat. Ta ɗauki kofin shayi ta zagayo kamar za ta miƙo min, ta sunkuyo daidai kunnena.

"Rufe, 'yata," ta raɗa min. "Rufe ki rubuta. Mutumin nan a akwatin ƙarfe zai kulle shi, ba mai sake buɗewa har mu mutu gaba ɗaya. Jikata ta kusa wata guda a duniya, ban taɓa ko ƙafarta ba."

Gaskiya ta faɗa. Ba mai sake buɗewa. Na riƙe biron har sai da yatsuna suka yi zafi. Na dubi mutanen da suka kewaye ni, kusan kowannensu na taɓa ce masa uku, ya haɗiye, ya rage farashi, don ya yarda abin da na gani nake rubutawa. Na dubi likitan, wanda ya yi tafiyar awa biyar saboda wannan.

"Huɗu," na ce. "An taɓa shi."

Lajoš ya cire hula kamar an wuce da gawa. Čika Radivoj ya juyo a hankali.

"A'a, 'yata, sake dubawa. Tun 1969 ba hannun da ya shiga cikin littafin nan. Ni kaina ban buɗe shi ba."

Na miƙa masa gilashin, na nuna masa wayoyin, na nuna masa lambobin. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Wane ne?"

"Ni ce," in ji Teta Ljubinka, ta dangwarar da kofin. "To, ni ce! Sai me? Strahinja yana shekara uku, kana can kana yawon raba wasiƙunka, na shiga kicin minti biyu, na dawo na tarar da shi zaune cikin akwati ya finciko tsakiyar yana fifita da ita. Me kake so in yi? In bari ka dawo zuciyarka ta buga? Na ɗauko wayar ɗinke takardu ta ofis, na lanƙwasa da matsefatar gira. A gigice nake, ina na san gaba da baya? Ai duk mutane ne da dawakai!"

Čika Radivoj ya ƙura mata ido, sai na ga girarsa ta ɗaga.

"Ranar Talata ce?"

"Na sani?"

"A tsakiyar bazara? Ranar da na dawo na tarar kin dafa min sarma, naɗin kabeji da nama, abincin lokacin sanyi, ana zafin da kwalta ke narkewa?" Ya dafe ƙirji. "Shekara talatin ina tambayar kaina me na yi wa matar nan na alheri a ranar nan!"

Lajoš ne ya fara tuntsirewa. Sai Čika Radivoj ya biyo, ya yi ta dariya har ya zauna a kan kwali, hawaye yana bin gemunsa. Taron duk ya ɗauka. Ita kaɗai ce ba ta yi ba.

Dokta Obrad ya yi gyaran murya, ya ce shi biyar yake tarawa, amma don mutunci zai ba da kashi ɗaya cikin huɗu na tayinsa. Čika Radivoj ya ce ya gode, a gaida Vienna. Likitan ya miƙo min hannu, ya karɓi lambar wayata, ya fita yana tsallake taɓo.

Čika Radivoj ya share ido, ya dubi littafin a kan matashi, ya dube ni.

"Malama, tunda huɗu ne, ana iya karanta shi ke nan?"

"Ana iya, Čika."

Ya goge hannu a wando, ya ɗauke shi, ya buɗe shi wangale a kan cinyarsa, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara hamsin da 'yan kai. Ya fara karantawa da ƙarfi. Muryar Maharbin ya yi ta can ƙasa, Lajoš ya leƙo ta kafaɗarsa ya karɓi muryar shugaban 'yan sanda, mai famfuna kuma ba wanda ya sa shi ya zama doki, yana haniniya yana buga bututu biyu. Matar safa ta bar rumfarta ta zo. Tsofaffi masu furfura suna faɗin kalmomin tun kafin a kai gare su, don kowa ya haddace tun yana yaro. Da aka zo tsakiya Čika Radivoj ya ƙi gyarawa, ya karanta yadda yake: Maharbin ya tsere daga kurkuku, sannan aka kama shi.

"Wannan shi ne namiji!" wani ya yi ihu daga baya. "Ya gudu tun kafin a kulle shi!"

Kwalbar giyar rakija ta fito daga aljihun wani ta zaga. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Aka kai ƙarshe, suka ce a maimaita, aka maimaita.

Tun daga ranar ban sake zaman jiran kowa ba. Layi ake yi min, daga Subotica da Zagreb ake aiko min da littattafai, wanda ya yi wa maƙwabcin da ya ba shi wurin zama huɗu ai ba a tambayar takardarsa. Čika Radivoj ya ƙara min faɗin tebur, kuma bai taɓa ce min uffan a kan maganar ba.

Amma ba su je Toronto a shekarar ba. Sai da suka yi wata goma sha uku suna tarawa kaɗan-kaɗan, ya sayar da rabin kwalayensa, sannan suka samu na jirgi. Lokacin da Teta Ljubinka ta isa, jikarta ta riga ta fara tafiya, kuma da ta miƙa hannu za ta ɗauke ta sai yarinyar ta yi ƙiwa ta ɓuya a bayan uwarta. Ba ta taɓa riƙe ta tana jaririya ba, ba kuma za ta riƙe ba. Yau shekara biyu ke nan ina gaida Teta Ljubinka duk Lahadi, ba ta amsawa. Da za a maido ni ranar nan huɗun zan sake rubutawa, amma abin da ta jawo ke nan, kuma wadda ta fi kowa biya ba ta taɓa yarda da cinikin ba.